Kuɗin Gwajin Noma a Ƙasar Katsina

Tun ba a san wani abu wai shi gonar gwaji ba, manoman karkarar birnin Katsina sun gano yadda za a yi ta noman gona ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba. Da rani su kan shiga birni da jakuna, su kwashi toka da shara da kashin awaki cikin mangala, su fita ta Ƙofar Guga ko Ƙofar Sauri su jibge a gona. Bayan kaka su kan shirya da Fulani, shanu su kwana a gonar. Ba su sare gawo, don sun lura da damina ya ke kaɗe ganyensa, ba ya tare wa shuka rana, kuma hatsin gindinsa ya fi kyau. Duk wannan da gwaji aka san shi, ba kuwa wanda ya ba su ko anini don su gwada.

Da Turawa suka zo, sai aka ware kuɗi musamman saboda binciken noma, amma gonakin gwamnati aka kai su. A 1922 aka kafa na Samaru kusa da Zariya, daga baya aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa, kudancin ƙasar Katsina. Can a ke gwaji, malamin gona ya kawo wa talaka sakamako.

A 1928, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka soma shirin noma da shanu a Arewa da manoma 3 kacal. Wannan karon kuɗin ya shiga hannun manomi, sai dai rance ne, ba kyauta ba. En'e ta kan fitar daga baitulmali a saya wa mutum bijimai biyu da garma, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan bayan kaka. Nufin ma'aikatar gona shi ne a ɗaure shanun a gida, a ciyar da su harawa, a tara taki a kai gona. To, manomi ya karɓa, amma ya duba abin da idonsa. Ya ga da garma zai ƙara faɗin gona, ya kuma yi wa maƙwabta huɗa a biya shi. Ya ga in bijimi ya yi 'yan shekaru yana aiki ya yi ƙiba, sai a sayar da shi da riba a sayi ƙarami. Waɗansu ma'aikata sun ɗauki wannan saɓa ƙa'ida ne. A ganina kuwa shi ya raya shirin, har garmar shanu ta zama kayan aikin kowane ƙauye, maƙeran gari suna gyaranta.

Akwai kuma zancen haɗa shuka. An daɗe ana yi wa manomi gargaɗi ya shuka iri ɗaya a gona ɗaya, shi kuwa ya ce to, ya koma ya ci gaba da gero da dawa da wakensa a kunya guda. Sai a 1966 da 1967 wani masani a Samaru, David Norman, ya bi manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zariya yana rubuta aikinsu da abin da suka girba. Lissafi ya nuna gonar da aka haɗa shuka ta fi kawo amfani, kuma in ruwa ya ɓata wani, wani ya tsira. Watau kuɗin bincike ya tabbatar da abin da kakanninmu suka sani.

A 1975 Bankin Duniya ya sa hannu aka buɗe babban shirin noma na Funtuwa. Ya kawo takin zamani da hanyoyi, masara ta yaɗu, amma shi ma daga sama aka tsaro shi.

Wanda ya fi kusa da barin manomi ya yi gwajinsa, a Maraɗi aka yi shi, ƙasar 'yan'uwanmu Katsinawa da ke hayin iyaka cikin Nijar. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura 'yan tsire-tsiren da a ke sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan itatuwa masu saiwa da rai. Da yunwar 1984 ta zo, aka riƙa ba manoma abinci bisa sharaɗin su bar tohon, su rage rassa. Da abincin ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun sami itacen wuta da abincin dabbobi, iska kuma ta rage binne musu shuka da rairayi. Kowa ya zaɓi irin itacen da zai bari da yawan rassan da ya ga ya dace da gonarsa, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu bincike suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.