Bashin Karatu a Amurka: Tarihin Yadda Aka Rufe Ƙofar Yafiya

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, a ƙasar Amurka akwai wata doka da ake kira dokar karayar arziki. Idan bashi ya yi wa mutum katutu har ya kasa biya, sai ya je kotu ya bayyana abin da ya mallaka da abin da ake bin sa, a raba abin da ya halatta a raba ga masu bashi, sauran kuma alƙali ya shafe shi, mutum ya sake sabon lale. Bashin asibiti na shiga wannan yafiya, haka bashin katin banki. Amma bashin da ɗalibi ya ci don neman ilimi, shi kam da ƙyar da jiɓin goshi ake shafe shi. To, ta yaya aka kai ga haka?

Asalin lamarin ya faro ne a 1958, shekara guda bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik. Tsoron kada a bar ta a baya a fagen kimiyya ya sa gwamnatin Amurka ta fara ba ɗalibai rance. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar ilimi mai zurfi, inda gwamnati ta tsaya wa ɗalibai a bankuna. A wancan zamani babu bambanci tsakanin bashin karatu da sauran basussuka. Duk wanda ya karye, kotu na iya yafe masa.

Daga nan sai surutu ya yawaita cewa wai sababbin likitoci da lauyoyi suna karɓar shaidar kammala karatu, su zarce kotu a shafe musu bashi tun kafin su fara kwasar albashi. Binciken da ofishin bin diddigin kuɗin gwamnati ya yi a lokacin ya nuna bashin da aka shafe ta wannan hanya bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Duk da haka, a 1976 majalisa ta hana shafe bashin karatu na gwamnati a cikin shekara 5 na farkon biya, sai fa idan biyan zai jefa mutum cikin ƙunci mai wuce kima. A 1978 aka shigar da wannan hukunci cikin sabon kundin dokar karayar arziki.

Tun daga nan ƙofa ta riƙa tsukewa sannu a hankali. A 1990 aka mayar da shekara 5 zuwa 7. A 1998 aka cire wa'adin gaba ɗaya, wato ko shekara nawa mutum ya yi yana fama, tsufan bashin ba ya zama hujja. A 2005 kuma, zamanin Shugaba George W. Bush, aka ba bankuna da kamfanoni masu zaman kansu irin wannan kariya a kan mafi yawan rancen karatun da suke bayarwa, alhali su don riba suke yi.

Ƙofa ɗaya ta saura, wato ƙunci mai wuce kima, ita kuwa majalisa ba ta fayyace ma'anarta ba, sai ta bar wa alƙalai. A 1987 wata kotun ɗaukaka ƙara da ke New York ta yanke hukunci a shari'ar da aka fi sani da Brunner, ta gindaya sharuɗɗa uku. Na farko, mutum ya tabbatar cewa idan ya biya, ba zai iya riƙe kansa da iyalinsa ko da a mafi ƙanƙantar rayuwa ba. Na biyu, akwai alamun wannan hali zai ɗore tsawon lokacin biyan. Na uku, ya riga ya yi ƙoƙarin biya da zuciya ɗaya. Mafi yawan kotunan ƙasar sun ɗauki wannan ma'auni. Ka lura, an tsara shi ne lokacin da akwai wa'adin shekara 5, amma aka ci gaba da aiki da shi bayan wa'adin ya tafi. Sannan dole mutum ya shigar da wata ƙara ta daban a cikin shari'arsa, wanda ya karye kuwa ina ya ga kuɗin lauya? Shi ya sa kaɗan ne ƙwarai ke gwadawa.

A Nuwamba 2022 ma'aikatar shari'a ta fitar da ƙa'idar da ta sauƙaƙa wannan ƙara ga masu bashin gwamnati. A Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta rushe shirin Shugaba Joe Biden na yafe bashin kimanin dala biliyan 400 a dunƙule. Zuwa 2024, mutum sama da miliyan 40 ne gwamnatin tarayya ke bi bashin karatu, jimillarsa ta haura dala tiriliyan 1.6.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da buɗe babin taflisi. A wurinsu, talauci ba ya shafe bashi, amma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta wajabta a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Bashin ba ya haihuwa a lokacin jiran, domin riba haramun ce, kuma mabarta na da kaso a zakka. A Amurka kuwa, kuɗin ruwa na iya sa mutum ya yi shekaru yana biya, bashin na nan ya fi yadda ya karɓo shi.

A Najeriya, dokar 2024 ta kafa asusun NELFUND, mai ba da rancen karatu ba ruwa, biya kuma sai shekara 2 bayan kammala hidimar ƙasa. Tarihin Amurka ya nuna cewa sharuɗɗan bashi na iya sauyawa bayan an riga an ci. Don haka, ɗan'uwa, kafin ka sa hannu ka karanta, ka tambayi abin da zai faru idan aiki bai samu ba, kuma kada ka karɓi fiye da buƙata.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ba mu ilimi mai amfani.