Tarihin Fatawar Sayen Gida da Bashin Ruwa a Ƙasashen Turai

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu bi sawun wata mas'ala da ta raba kan manyan malamai a ƙarshen ƙarni na 20, watau ko ya halatta Musulmin da ke zaune a Turai ya karɓi bashin banki mai ruwa don ya sayi gidan da zai sa iyalinsa. Kafin mu shiga, ya kamata mai karatu ya lura cewa abin da Larabawa ke kira riba shi ne mu Hausawa muke ce wa kuɗin ruwa. Ribar ciniki kuwa halal ce, ba ita ake nufi ba.

Asalin matsalar ƙaura ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Turai sun rasa lebura, sai suka buɗe ƙofa. Mutanen Pakistan da Indiya suka nufi Bradford da Birmingham a Ingila, na Aljeriya da Maroko suka nufi Faransa, Turkawa kuma suka kwarara Jamus bayan yarjejeniyar 1961. Da farko kowa ya ɗauka zaman ci-rani ne. Da iyali suka biyo baya, 'ya'ya suka shiga makaranta, sai maganar muhalli ta taso. A can kuwa mai ƙaramin albashi ba ya iya sayen gida kuɗi hannu. Hanyar da aka saba ita ce banki ya ba da bashi, a jinginar masa da gidan, a yi ta biya da ruwa har kimanin shekara 25. Wanda ya ƙi, sai ya dawwama a haya.

Matsayin malamai a lokacin a fili yake. Ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara sun haramta cin ruwa da kakkausan lafazi. A 1965 taron malaman Azhar a Alƙahira ya yanke cewa ruwan banki shi ne dai wanda aka haramta. A 1990 kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda kan batun gidaje musamman. Ta yarda muhalli yana cikin bukatun da ɗan Adam ba ya rayuwa sai da su, amma ta ce a neme shi ta halal, kamar rancen hukuma marar ruwa ko sayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Sai dai waɗannan hanyoyi ba su samuwa ga mazaunin Bradford.

A 1997 aka kafa Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai a ƙarƙashin Shaihu Yusuf Alƙardawi. A zamanta na Oktoba 1999 a Dublin ta fitar da fatawar da ta ta da ƙura. Ta sake tabbatar da haramcin ruwa, sa'an nan ta yi rangwame bisa sharuɗɗa: ya zamana mutum ba shi da wani gida da ya ishe shi, gidan na zama ne ba na kasuwanci ba, ba shi da kuɗin saye, kuma babu wata hanya ta halal a inda yake.

Hujja biyu majalisar ta kafa. Ta farko ita ce ƙa'idar nan cewa larura tana halatta abin da aka hana, kuma matsananciyar bukata takan hau matsayin larura. Ta ce ɗan haya mai yawan 'ya'ya kullum yana cikin fargabar kora, ga shi yana zuba kuɗi shekara da shekaru ba ya mallakar ko tubali ɗaya. Ta biyu ita ce ra'ayin Imam Abu Hanifa da almajirinsa Muhammadu Shaibani, cewa irin wannan ciniki tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba yana halatta a wajen ƙasar Musulunci.

Masu suka ba su yi shiru ba, har daga cikin 'yan majalisar. Dokta Salah Assawi ya rubuta raddi a kai. Suka ce larura ita ce mutum ya rasa inda zai kwana, wanda ya samu haya kuwa bai rasa ba. Suka ce Imam Malik da Shafi'i da Ahmad, har da Abu Yusuf wanda shi ma almajirin Abu Hanifa ne, duk ba su bambanta ƙasa da ƙasa a haramcin ruwa ba. Daɗin daɗawa, Hanafiyya sun yi maganar ne inda Musulmi ke karɓar ƙarin, alhali a nan shi ke bayarwa. Majalisar ta riga ta amsa cewa tun da gidan zai zama nasa a ƙarshe, ai shi ne ya ci moriya.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashin fatawar. A 2003 Ingila ta soke biyan harajin kan sarki sau biyu, wanda yake tsadantar da cinikin da banki zai sayi gida sa'an nan ya sayar wa mutum. A shekarar bankin HSBC ya fara irin wannan ciniki, ko da yake ya daina a 2012. A 2004 aka buɗe bankin Musulunci na Birtaniya, wanda ya koma Al Rayan a 2014. Sharaɗin rashin hanyar halal ya fara girgiza ke nan, gardama kuma ta sake salo: idan hanyar tana nan amma ta fi tsada, ko ba ta kai garin da mutum yake ba, shin larura ta gushe?

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, babu ɓangaren da ya taɓa cewa ruwa halal ne. Saɓaninsu a kan ma'aunin larura yake, da wanda zai riƙe mudun. Fatawar 1999 an ɗinka ta ne daidai jikin wasu mutane, a wani wuri, a wani zamani. Wanda ya ɗauko ta ya bar sharuɗɗanta a Dublin, to, abin da majalisar ba ta faɗa ba ya ɗauko. Allah shi ne masani.