Tarihin 'Yar Hular Gindin Harsashi

Mun karanta yaƙe-yaƙe da yawa a ajin tarihi, amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne 'yar hular nan ta gindin harsashi mai kunna albarushi.

Da can da ƙanƙara ake tayar da bindiga. Wani limamin coci a Sikotilan, Alexander Forsyth, ya lura agwagin ruwa kan ga walƙiyar su tashi kafin harbi ya fita. A 1807 ya yi rajistar dabarar kunnawa da sinadarin da ke fashewa in an buge shi.

A 1866 iri biyu suka fito. A na Hiram Berdan, Ba'amurke, 'yar maƙerar da ake buga sinadarin a kanta tana jikin kwanso, galibi da huda biyu. A na Edward Boxer, ɗan Ingila, tana cikin hular, huda ɗaya ce a tsakiya. Abin mamaki, Amurka ta rungumi na Boxer, Turai kuwa ta daɗe kan na Berdan.

Masu sake cika kwanso da hannu na Boxer suka fi zaɓa, domin da tsinke guda ake turo tsohuwar hula waje. Wanda kuwa ya sa hular Berdan a kwanson Boxer, harsashinsa ba zai tashi ba.