Gidan Gado Da Aikin Babban Gwani

Wanda ya tashi daga Zariya ya nufi arewa ta Hunkuyi da Kudan, ko kuwa ya karkata wajen Maƙarfi da Ikara, ba zai rasa ganin wani tsohon zaure na ƙasa a kowane gari ba, yana tsaye tsakanin gidajen bulo da kwano kamar dattijo a cikin samari. Irin wannan shi a ke kira gidan gado. Ba a kiransa da sunan mai zama cikinsa yau, sai da sunan kakan da ya kafa shi, ko sarautar da ya riƙe, ko sana'arsa. A ce gidan Liman, ko gidan Madugu, ko gidan Sarkin Maƙera, alhali kuwa mai sunan ya yi shekara ɗari a kabari.

Magina na dā ba su san siminti ba. Jar ƙasa su kan haƙo, su zuba mata ruwa da ciyawa, su tattake ta, su bar ta kwanaki ta ruɓa, sa'an nan su cura tubali mai faɗin gindi da tsinin kai su shanya a rana. Bango a kan fara shi da kauri daga ƙasa, yana hawa yana sirancewa, don ya iya ɗaukar nauyin kansa. Rufi kuwa da azara a ke yinsa, watau itacen giginya da aka tsaga, gama gara ba ta cika cinta ba. Amma azara tana da iyaka: in aka ɗora mata nauyin ƙasa ba ta ƙetare fili mai faɗi, abin da ya wuce kamar ƙafa shida sai ta lanƙwashe. Daga wannan iyaka ne hikimar magina ta fito. Su kan jera azara daga cikin bango hawa hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure a yaɓe, har ɓangarorin biyu su sadu a sama su zama bakan gizo. In bakan gizo biyu ko fiye suka giciye juna, shi ne ɗaurin guga, a bisansa kuma a ke ɗora tulluwa. Da an gama sai a shafe bango da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuwa a bi shi da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. A kafa indararo don zubar da ruwa, a ɗora zankwaye a kusurwoyi.

To, irin wannan gini ba ya yarda da sakaci. Damina ɗaya in aka ƙyale shi ya kan yi haƙuri, ta biyu ya fara tsagewa, ta uku sai ruwa ya sami hanya ya kai ga azara. Saboda haka kowace shekara, bayan an kai amfanin gona gida, mai gida ya kan tara ƙannensa da 'ya'yansa a yi yaɓe. A nan ne kuwa yara su kan ji tarihin gidansu ba tare da an zaunar da su karatu ba. Ana cikin miƙa ƙasa sai wani dattijo ya ce wannan shigifa wane ya gina ta shekarar da ya yi aure, wancan ɗaki kuwa tun rasuwar mai shi ba a sake rufa shi ba. Gama al'ada ce a wurare da yawa na ƙasar Hausa, in mutum ya mutu a bar ɗakinsa ya rushe, daga baya a kwaɓa ƙasar a yi sabon gini da ita. Watau ƙasar da jika ya ke murzawa da hannunsa, mai yiwuwa ita ce wadda kakansa ya murza.

A ƙasar Zazzau ba a maganar gini a tashi ba a ambaci Babban Gwani ba. Sunansa Muhammadu Durugu, waɗansu kuma su kan ce da shi Malam Mika'ilu. Shi ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya, a ƙofar fada, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu na gidan Katsinawa, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ban da zauren salla mai ginshiƙai da tulluwoyi, ya yi wa masallacin zaurukan shiga da wuraren alwala da ɗakin shari'a. Masana gini daga ƙasashe dabam dabam sun yarda a duk ginin ƙasa na Hausa ba a sami wanda ya fi shi ba. Sunansa ya kai har Bauci. A Kafin Madaki akwai gidan Madaki, wanda a ke danganta gininsa gare shi, yana kuwa cikin gine-ginen da Gwamnati ta sa ƙarƙashin tsaro bayan dokar kayan tarihi ta 1953.

Labaran da a ke bayarwa a kansa suna da yawa. Waɗansu sun ce da dare ya ke aiki shi kaɗai, don kada a ga asirinsa. An kuma ce bayan ya yi wa wani Sarkin Birnin Gwari gini, sai Sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Irin wannan labari a kan ba da shi game da manyan magina a ƙasashe da yawa, abin da ya ke nunawa dai shi ne girman mutumin a idon jama'a. Abin da ba shi da shakka kuwa, a cikin birnin Zariya akwai unguwa mai sunan Babban Gwani, nan ya gina gidan kansa, nan kuma zuriyarsa suka ci gaba da zama, sarautar Sarkin Magina ta daɗe a hannunsu. Ba littafi ya bar musu ba, gida ya bar musu da sana'a, kowane yaro ya koyi ɗaurin guga a ƙarƙashin wanda kakansa ya ɗaura.

Da jirgin ƙasa ya iso Zariya da Kano wajen 1911, sai kwano da siminti suka fara shigowa. Ba laifi ba ne mutum ya so rufin da ba ya yoyo, wanda kuwa ya taɓa kwana yana tare ruwa da ƙwarya ba zai zargi mai sayen kwano ba. Amma akwai kuskure guda da ya ci gidajen gado da yawa, shi ne shafa wa bangon ƙasa siminti. Ƙasa da siminti ba sa kama juna sosai. Siminti ya kan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bango ya yi ta jiƙewa daga ciki alhali daga waje sumul ya ke. Makuba kuwa in ta gaji kowa ya kan gani, a sake ta. Da yaɓen shekara ya ragu, sai taron da a kan yi dominsa ya ragu, hirar da a kan yi a wurin ita ma ta bi shi.

Wani masanin gini mutumin Folan, Zbigniew Dmochowski, ya lura da haka tun da wuri. Ya zaga Nijeriya shi da ɗalibansa suna awon tsofaffin gine-gine, suna zana su a takarda, suna ɗaukar hotuna, masallacin Zariya kuwa yana cikin waɗanda ya fi ba ƙarfi. Da wannan awo aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990. A Zariya kuwa, cikin shekarun 1970, aka yi sabon gini na siminti ya lulluɓe tsohon zauren salla, waɗansu sassan na waje suka tafi. Ran Jumma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta, mutane da dama suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya gaya wa manema labarai cewa kwana ɗaya kafin nan aka ga tsaga a bango, ana shirin kawo masu gyara ke nan abin ya auku.

In haka ta sami ginin da ke ƙofar fada, ina ga zauren wani manomin rake a ƙauyen Maƙarfi? Mai niyyar gyaran gidan gado ya kamata ya fara da indararo da gindin bango, inda ruwa ya ke fara ɓarna, ya nemi magini mai sanin ƙasa tun yana da sauran ƙarfi. In kuma tilas sai an rushe, to, kafin a sa gatari ya auna kowane ɗaki, ya zana yadda gidan ya ke, ya zauna da tsofaffi ya rubuta wanda ya gina da wanda ya zauna. A wannan zama kuwa kada ya tsaya ga maza kaɗai, gama tsofaffin mata sun fi riƙe lissafin aure da haihuwa da goyo.

An taɓa yin haka ba nisa da wannan yanki. Wata tsohuwa mai suna Baba, wadda aka haifa wajen 1877, ta tashi a ƙauyen Karo kusa da Zarewa, a kudancin ƙasar Kano daura da iyakar Zazzau. Ba ta yi karatun boko ba, ba ta kuma haifi ɗa na cikinta ba. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a Giwa da Zariya, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, matar M. G. Smith wanda ya rubuta tarihin mulkin Zazzau. Baba tana faɗa da Hausa, Baturiyar tana rubutawa. Ta ba da labarin kakanninta Barebari, da yadda aka raba gidansu sassa sassa, da rinjin bayi da ke gefe, da mahara masu kama mutane, da zuwan Turawa, da aure huɗu da ta yi. Ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. A 1954 aka buga shi a London da Turanci, da sunan Baba of Karo, har da jadawalin zuriyarta, wane ya haifi wane, wace ta auri wane, tun daga kakanta Ibrahim Dara.