Ƙofa Ɗaya da Aka Bar wa Fasinja

A 1978 Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragen sama mara wajen yanke kuɗin tikiti. A 1992 Kotun Ƙoli ta ce, bisa wannan doka, jihohi ba su da hurumin tsoma baki a tallan farashinsu. Sai a 1995 ta bar ƙofa ɗaya: fasinja na iya ƙarar kamfanin da ya saɓa yarjejeniyarsa.

Ta nan fasinjojin Spirit Airlines suka bi a 2017. Suka haɗa kai suka shigar da ƙara kan kuɗin jakar hannu, wanda suka ce an ɓoye musu lokacin sayen tikiti. A 2023 aka yi sulhu a kan dala miliyan 8.25.