Wane Wasan Barkwanci Za Mu Ba Ƙannenmu Na Sakandare? Mu Tambayi Tarihi

Ya ku 'yan uwa ɗaliban Arewa na nan Ibadan da na sauran jami'o'in Kudu. Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta a natse.

Da yawanmu muna ɗan taɓa koyarwa a gefe. Wani a makarantar kuɗi, wani a makarantar al'umma a Sabo ko Agege ko Idi-Araba, wasu kuma bautar ƙasa ce ta ajiye su a aji. Da zarar zango na uku ya kama aka fara shirin ranar raba kyaututtuka, sai ka ji an ce, "Malam, kai ne ɗan jami'a, samo wa yara wasan da za su yi, amma fa mai ban dariya." Abin da aka saba shi ne a buɗe waya a kwafo wani guntun barkwanci daga TikTok, a karkata wa yaro hula, ya yi gurguwar Hausa ko gurguwar Turanci, a ƙyalƙyale a watse. Ni dai ina ganin muna da abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba, kuma tarihi ne shaidata.

Tun kafin a kafa makarantar boko ko ɗaya a ƙasar Hausa, yara suna wasan kwaikwayo. Tashe ke nan, wanda ake farawa idan azumi ya kai kwana goma. Ku tuna Tsoho da Gemu, da Jatau Mai Magani, da Mairama da Daudu. Yara ne ke shiga kayan manya, su kwaikwayi mai maganin da bakinsa ya fi maganinsa ƙarfi, ko zaman miji da mata, ana dariya ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. A fada kuma akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da hakimansa, kowa ya ga halinsa a jikin wani. Abin lura a nan shi ne inda dariyar ta dosa. Ƙarami ne ke kwaikwayon babba, mara iko ne ke kwaikwayon mai iko, kuma hali ake caccaka. Wanda aka taɓa ya ji a jikinsa, amma ba shi da bakin yin fushi, don wasa ne.

Rubutaccen wasan Hausa kuwa a aji aka haife shi. A shekarun 1930 aka buga Six Hausa Plays na Rupert East, Baturen nan na hukumar fassara da talifi ta Zariya, kuma 'yan makaranta aka nufa da shi. Wato tambayar da muke yi yau, ta wane wasa za a ba yara, ita ce ma ta haifar da littafin farko.

Ba a daɗe ba ɗaliban da kansu suka karɓe abin. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna tsakanin 1937 da 1942, yana shirya wasanni, kuma ya ci gaba da haka da ya zama malami a Midil ta Bauchi. Cikin waɗanda aka fi tunawa akwai Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, da Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya. Sunayen kawai sun isa su nuna maka inda aka dosa: ha'inci a kasuwa, ƙarya, da zaluncin masu riƙe da jama'a a zamanin En'e. A lokacin da talaka ba ya iya ɗaga ido a gaban hakimi, dandalin makaranta ne wurin da ake faɗin abin da ba ya faɗuwa. Mutumin da ya zo ya jagoranci NEPU, a dandalin wasan 'yan makaranta ya fara koyon yi wa taro magana. Duk wanda ya raina wasan yara, ya tuna da wannan.

Daga nan littattafai suka biyo baya. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya karkata ga tsafta da kiwon lafiya da amfanin ilimi. A 1959 Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu, mai ɗauke da wasanni biyu, Malam Maidala'ilu da 'Yar Masu Gida. Shi ne kuma ya rubuta Jatau Na Kyallu, labarin attajirin da ya rufe ido ya auro karuwa, ya watsar da iyalinsa, ta kai shi ta baro. A 1968 aka samu Uwar Gulma na Mohammed Sada, kan Hayatu mashayi da matarsa Halima da ke shan wuya a hannunsa. A 1969 ga Tabarmar Kunya na Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano. A 1979 kuma Umaru Ɗanjuma Katsina ya fitar da Kulɓa Na Ɓarna, inda Alhaji Ruwan Ido ya yi amfani da kuɗi ya hure kunnen 'yar makaranta. Ba duka ne barkwanci zalla ba, wasu ma ƙarshensu kuka ne. Amma kusan dukansu da dariya suke jan mai kallo har su kai shi inda zai yi tsaki ya girgiza kai. Kuma ku duba waɗanda ake yi wa dariyar: mai kuɗin da kuɗinsa suka ɗebe masa tunani, maigidan da ya kasa riƙe gida, dattijon da bai ji kunyar furfurarsa ba. Hanyar tashe ce dai aka mayar takarda.

A nan Kudu ma labarin bai bambanta sosai ba, kuma ya kamata mu san shi tunda a nan muke karatu. James Ene Henshaw, likita ɗan Kalaba, ya fitar da This Is Our Chance a 1956, kuma da gangan ya rubuta shi don 'yan makaranta su samu wasan da ya yi kama da rayuwarsu. A cikinsa ne ake da Bambulu, malamin da ke zuba manyan kalmomin Turanci har mai sauraro ya rasa gane gabas. A nan Ibadan aka fara nuna The Lion and the Jewel na Wole Soyinka a 1959, sai The Trials of Brother Jero a 1960, kan wani mai wa'azin ƙarya a bakin tekun Legas da ke ci da buƙatun mabiyansa. Ola Rotimi kuma ya ba mu Our Husband Has Gone Mad Again, kan Lejoka-Brown, tsohon soja da ya faɗa siyasa yana ɗaukar ta kamar fagen yaƙi, alhali ko gidansa bai iya mulka ba.

Akwai kuma hanya ta uku da magabata suka bi, wato ɗauko wasan wata ƙasa a sa masa riga da hula na gida. A 1961 ɗaliban wannan jami'a suka juya wani wasan Moliya, marubucin Faransa, suka kira shi That Scoundrel Suberu, suka zagaya da shi garuruwa. A 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Twelfth Night na Shakespeare zuwa Daren Sha Biyu. A 1978 Femi Osofisan ya ɗauki wasan Gogol na Rasha, wanda aka fara nunawa a 1836, ya mayar da shi ƙaramar hukuma a Nijeriya da sunan Who's Afraid of Solarin? Labarin mai sauƙi ne: jami'an wani ƙaramin gari, dukansu maciya hanci, sun ji mai bincike na tafe a ɓoye, sai suka ɗauka wani baƙo fanko ne shi, suka dinga cika masa aljihu. Ku gaya mini, wace ƙaramar hukuma ce a ƙasar nan ba za ta gane kanta a ciki ba?

To me ya faru muka baro wannan gado? Da farko rediyo da talabijin suka ɗauke barkwancin daga dandalin makaranta. Aka shiga zamanin Samanja na Usman Baba Pategi, da Kasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu a Jos. Sai finafinan Kano suka zo da su Rabilu Musa Ibro, yanzu kuma waya ta cinye komai. Su kuma littattafan suka koma na jarrabawa kawai. Yaro zai haddace jigo da salo da sunayen taurari ya rubuta a WAEC ko NECO, amma bai taɓa jin maganar ta fito daga bakin mutum a tsaye ba. Wasan kwaikwayon da ba a taka shi ba kuwa, kamar ganga ce a rataye.

Ga abin da nake ganin tarihin nan ya koya mana wajen zaɓe.

Na farko, kafin komai ka tambayi kanka: wa ake yi wa dariya? Wannan ya fi shafar mu da ke Kudu. Mun san yadda wasu finafinai ke nuna Bahaushe, kullum maigadi ne da rediyo a kunne, ba ya gane komai. Mu ma a namu finafinan muna rama wa Bayarabe da Ibo. Idan ka tsayar da yaron Sabo a gaban iyayen abokansa ya taka wannan rawa, gobe da wannan sunan za a kira shi a aji, kuma kai ka ba da lasisi. Samanja ya yi wasa da Hausar bariki shekara da shekaru ba a ji haushinsa ba, saboda shi kansa ya yi aikin soja, dariyar ta cikin gida ce. A yi wa hali dariya, a bar ƙabila, a bar naƙasa, a bar talauci.

Na biyu, ka san masu kallonka. Brother Jero wasa ne mai kyau ƙwarai, amma idan kai malami Musulmi ka shirya shi a makarantar da rabin iyaye Kiristoci ne, za a iya fassara niyyarka yadda ba ka nufa ba. Haka Jatau Na Kyallu da Uwar Gulma, akwai zancen karuwanci da giya da duka, sun fi dacewa da 'yan aji shida, kuma a sanar da hukumar makaranta tun da wuri. The Lion and the Jewel ma, yadda Baroka ya yi nasara kan Sidi abu ne da sai an tattauna da yara, ba a wuce shi da tafi kawai ba.

Na uku, ka ƙirga yaranka kafin ka ƙirga shafuka. Wasan da taurarinsa uku ne zai bar yara talatin suna hamma a benci. Nemi mai fada, ko kasuwa, ko kotu, inda kowa zai samu abin faɗa ko da jimla ɗaya ce. Ka duba ko 'yan mata suna da rawar kirki, ba kawo ruwa da durƙuso kaɗai ba. Kuma kada ka ji tsoron ɗaukar fitowa biyu ko uku daga dogon wasa. Minti arba'in mai daɗi ya fi awa biyu da iyaye za su yi suna duba agogo. Idan kuma za a karɓi kuɗin shiga, a nemi izinin masu haƙƙin littafin.

Na huɗu, harshe. Yaranmu da aka haifa a nan da yawansu Hausarsu ta gaisuwa ce da aike. Karin magana da habaici da zaurancen da ke cikin rubutun Shu'aibu Maƙarfi ba za su same su a waya ba. Wata biyu na atisaye, yaro yana maimaita magana har ta zauna masa, ya fi zango guda na darasin nahawu.

Idan ni aka ba wuƙa da nama, ga yadda zan raba. 'Yan ƙaramar sakandare su ɗauki Wasan Marafa, a haɗa musu da tashe ɗaya ko biyu a matsayin buɗe fage. 'Yan babbar sakandare masu jin Hausa su ɗauki Kulɓa Na Ɓarna, domin Alhaji Ruwan Ido bai mutu ba, mota kawai ya canza, kuma gara 'yan matanmu su fara ganinsa a dandali suna dariya kafin su gamu da shi a bakin get. Makarantar da ta haɗa ƙabilu kuma ta ɗauki This Is Our Chance, ko a zauna da yaran a juya labarin mai binciken nan na Gogol zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, kowa ya yi magana da harshen da ya iya.

Wahalar da za ku fara cin karo da ita ita ce samun littattafan, don ba kowane shago a Kudu ke da su ba. Saboda haka ina roƙon masu tafiya gida hutu, musamman 'yan Zariya da Kano da Sakkwato, a leƙa shagunan littattafai, a bincika akwatunan iyaye da yayye. Duk wanda ya samu kwafi ya sanar, mu haɗa ɗan ƙaramin kanta da kowane malami a cikinmu zai iya ara. Wanda kuma ya taɓa taka ɗaya daga cikin wasannin nan a makarantarsu, ya faɗa mana wane ne da yadda aka karɓe shi, don masu shirin bana su amfana.

Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya jiƙan magabatan da suka bar mana wannan gado.