Gadon da Royce Gracie Ya Shiga Keji da Shi

A daren 12 ga Nuwamba, 1993, a birnin Denver na Amurka, aka tara maza takwas a gasar UFC ta farko, ta faɗa a cikin keji, kowa da irin faɗan da ya iya. Ba a raba su bisa nauyi ba, babu masu ba da maki, dokokin kuma ba su taka kara sun karya ba, manyansu su ne hana cizo da tsone ido. Wanda ya tafi da dala 50,000 shi ne Royce Gracie, siririn ɗan Burazil mai shekara 26, nauyinsa wajen kilo 80. Art Jimmerson, ɗan boksin da ya shigo da safar hannu ɗaya tak, ya sallama tun da aka danne shi. Ken Shamrock bai cika minti guda ba. Gerard Gordeau na Holan ya sha shaƙa a karon ƙarshe. Tun daga ranar gidan Gracie suke da bayaninsu: mahaifin Royce, Helio, ya ƙirƙiro wa marar ƙarfi dabarar da zai kayar da ƙato. Ni a ganina abin da ya ci gasar ya girmi Helio, kuma bai taɓa zama mallakar gida ɗaya ba. Wata al'adar horo ce, ta gwabzawa kullum da abokin da ba zai sassauta maka ba.

Tushenta yana Tokiyo, inda Jigoro Kano ya buɗe makarantar judo ta Kodokan a 1882. Tsofaffin makarantun jiyu-jitsu na Japan suna da kamu masu kisa, amma da yake ba a iya gwada su a kan abokin karatu da gaske, galibi sai a riƙa maimaita su a tsare, wannan ya kawo hari, wancan ya kare, kowa ya san abin da zai biyo baya. Kano ya ware mafi haɗarin kamun gefe, ya bar waɗanda za a iya yi da dukkan ƙarfi: kayarwa, dannewa, shaƙa, da murɗe gaɓa. Ya kafa sharaɗi cewa wanda aka ritsa ya bubbuga hannu, nan take a sake shi. Wannan ƙaramin sharaɗi shi ne jarin sana'ar baki ɗaya, domin ya ba ɗalibi damar a ci shi sau da yawa a yini ɗaya, ya tashi lafiya, gobe ya dawo ya gyara kuskurensa.

Ɗaya daga cikin ɗaliban Kodokan, Mitsuyo Maeda, ya bar Japan a 1904. Ya zaga Amurka da Ingila da Sifaniya da Kuba da Meziko yana karawa da 'yan kokawa da 'yan boksin don kuɗi, ya isa Burazil a 1914, ya zauna a birnin Belem har rasuwarsa a 1941. A can ne saurayi Carlos Gracie ya fara koyo, daga baya ya koyar da ƙannensa, ciki har da Helio, a Rio de Janeiro. Maeda ya zo da horon Kano, ya ƙara masa ɗabi'ar ɗan kasuwar faɗa, wato ka ƙalubalanci kowa a bainar jama'a, ka bar sakamako ya yi maka talla.

Masu kare labarin gidan za su ce ai Helio ne ya sauya komai, tunda shi rarrauna ne, dole ta sa ya nemo dabara a madadin ƙarfi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Helio ba ƙato ba ne, kuma ya fifita faɗa daga kwance, inda mutum ke kan bayansa ya sarƙafe abokin karawa da ƙafafu, ya yi ta haƙuri har wancan ya gaji ya yi kuskure. Sai dai Helio ɗan wasan ninƙaya da tuƙin kwale-kwale ne a ƙuruciyarsa, kuma shaƙa da murɗe hannun da ya shahara da su duk suna cikin judo tun kafin a haife shi a 1913. Ga kuma Oswaldo Fadda, wanda ya koya daga Luiz França, ba daga gidan Gracie ba, ya riƙa koyar da 'ya'yan talakawa a unguwar Bento Ribeiro, har ɗalibansa suka yi suna wajen murɗe ƙafa, kamun da 'yan makarantar Gracie suke rainawa. Da sirrin jini ne, da bai tsiro a bayan gari ba.

Abin yabon Helio na gaske shi ne bai ɓoye kansa ba. A watan Oktoba na 1951 ya kara a filin wasan Maracana da Masahiko Kimura, gwarzon judo na Japan wanda ya fi shi nauyi. Kimura ya yi ta maka shi da ƙasa, a zagaye na biyu ya kama hannunsa ya lanƙwasa shi ta baya, Helio ya ƙi sallamawa har hannun ya samu rauni, sai da Carlos ya jefa tawul, alamar an sallama. Gidan ya ɗauki kamun ya ci gaba da koyar da shi da sunan wanda ya yi musu shi. A 1955 kuma tsohon ɗalibin Helio, Waldemar Santana, ya doke shi bayan fiye da awa uku da rabi ana gumurzu. A wannan gida Royce ya tashi, yana birgima a shimfiɗar horo da yayyensa tun yana ɗan ƙarami. Yana ɗan shekara 17 ya bi yayansa Rorion zuwa Kalifoniya, inda suke koyarwa a garejin gida, suna karɓar duk mai karate ko kung fu da ya zo gwada sa'a, suna ɗaukar karawar a bidiyo. Kafin ya ga kejin Denver, ya riga ya san nauyin mutum mai neman ƙwace kansa da iyakar ƙarfinsa.

Akwai wata suka da ta fi ta masu kare gidan kaifi. Rorion yana cikin waɗanda suka shirya gasar Denver tare da Art Davie, kuma gidan ne ya zaɓi Royce maimakon yayansa Rickson, wanda kowa ya yarda ya fi shi, domin siririn jiki ya fi sayar da labarin. Wannan duk haka ne, gasar talla ce. Akasarin abokan karawarsa ba su san komai game da faɗan ƙasa ba. A dambenmu wanda ya kai ƙasa an kashe shi, wasa ya ƙare. Haka ɗan boksin da ɗan karate suka saba, alhali shi Royce a nan aikinsa yake farawa. Amma talla ba ta shaƙe wa mutum wuya. A Disambar 1994, a UFC ta huɗu, Dan Severn, gogaggen ɗan kokawa da ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, ya danne shi kusan minti 16. Royce yana ƙasa, kansa a matse da ragar keji, a hankali ya zura ƙafa ɗaya ta kan kafaɗar Severn, ya kulle ta da ɗayar, ya matse wuyan da hannu ɗaya a ciki, ƙaton ya bubbuga. Ba a koyon irin wannan natsuwa ta hanyar maimaita motsi a iska.

Faɗuwarsa ma hujja ce ga abin da nake faɗi, ko da yake wasu suna kafa ta shaidar cewa dama can kuri ne. A ranar 1 ga Mayu, 2000, a Tokiyo, Kazushi Sakuraba ya kara da shi bisa sharaɗin da gidan Gracie suka nema, na rashin iyakar lokaci. Sakuraba ɗan kokawa ne da ya ƙware a murɗe gaɓa, ya riga ya doke Royler Gracie a 1999 da kamun nan na Kimura. Ya ƙi yarda a ja shi ƙasa yadda Royce yake so, ya yi ta saran ƙafafunsa da shuri har minti 90, Rorion ya jefa tawul. Ba wani boka ya doke Royce ba, mutum ne da ya sha irin horonsa, ya kuma haɗa da duka.

Lokacin da Royce ya dawo UFC a watan Mayu na 2006, yana da shekara 39, wasan ya riga ya sauya: an raba nauyi, an sa zagaye, kuma babu mai shiga keji bai koyi faɗan ƙasa ba. Abokin karawarsa Matt Hughes, ɗan kokawar jami'a daga Illinois, ya taɓa gamawa da Frank Trigg har sau biyu da irin shaƙar ta baya da Royce ya yi wa Gordeau. Hughes ya kai shi ƙasa, ya miƙe masa hannu zai karya, Royce ya ƙi sallamawa, sai ya haye bayansa ya dinga luguden naushi har alƙali ya raba su tun zagayen farko bai ƙare ba.